Takardar gwajin jini ba ta yanke wa mai cutar daji hukunci

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti a Wad Madani ko Sinnar ko Damazin ya san takardar si-bi-si, wato ƙidayar ƙwayoyin jini. Ita ce kusan gwajin farko da likita ke rubutawa, tana da araha, kuma ko ƙaramin ɗakin gwaji na bakin kasuwa yana yin ta. Yanzu masu bincike a Turai da Amurka suna cewa lambobi biyu da ke cikin wannan takarda na iya nuna yadda cutar daji za ta kaya da mai ita. Labarin ya dace da talaka, shi ya sa nake so mu fahimce shi da kyau tun kafin ya iso kambo da ƙauyukanmu a gurguje, a mayar da shi duba.

Ga yadda abin yake. Fararen ƙwayoyin jini iri-iri ne. Akwai niutrofil, waɗanda ke yawaita idan jiki na fama da kumburi ko ƙwayar cuta. Akwai limfosayit, waɗanda cikin ayyukansu har da farautar ƙwayoyin daji. Likita zai raba adadin na farko da na biyu. Misali, idan niutrofil 6,000 ne, limfosayit 1,500, to sakamakon 4 ke nan. A jikin mai lafiya lambar kan tsaya tsakanin 1 da 3. Idan ta haura, alama ce kumburi ya yi yawa, masu gadin jiki kuma sun yi kaɗan. Tun 1863 likitan Jamus Rudolf Virchow ya lura akwai dangantaka tsakanin kumburi da cutar daji, sai dai auna ta da lamba mai sauƙi haka abu ne na baya-bayan nan.

Ɗaya daga cikin cututtukan da aka gwada wannan lissafi a kansu ita ce dajin fata na Merkel. Cuta ce da ba a cika gani ba, ko a Amurka mutum wajen 3,000 take kamawa a shekara. An fara bayyana ta a 1972, sannan a 2008 masu bincike a Jami'ar Pittsburgh suka gano wata ƙwayar bairos da ke cikin mafi yawan irin wannan ƙari. Takan fito kamar ƙurji ja ko shuɗi-shuɗi a fuska ko wuya ko hannu, ba zafi, amma tana girma da sauri tana bazuwa. Ta fi kama tsofaffi masu farar fata da rana ta daɗe tana duka, da kuma waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. A 2016 wasu likitoci a Faransa suka bi bayanan marasa lafiyarsu, suka ga waɗanda lambarsu ta kai 4 ko ta wuce sun fi saurin rasuwa.

To, ina ruwan manomin Jazira da cutar tsofaffin Turawa? Ruwansa shi ne an ga irin wannan alaƙa a wasu cututtukan daji da dama, kuma mu ma muna da namu dajin fatar. Gyambon da ya shekara bai warke ba, ko tsohon tabon ƙuna da ya sake buɗewa, yana iya rikiɗewa ya zama daji. Baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, mai faɗaɗa, yana iya zama melanoma, wadda a jikin baƙar fata a nan ta fi fitowa. 'Yan uwanmu zabiya da ke yini a hawasha cikin rana suna cikin haɗari fiye da kowa. Ga kuma madura, wadda ta yi katutu a Jazira da Sinnar, har ta sa duk kumburin ƙafa sai a ce ai ita ce, a yi ta shafe-shafe har wata shida.

Matsayina shi ne likitocinmu su yi amfani da wannan lissafi, amma kada kowa ya ɗauke shi hukunci. Dalilaina uku ne.

Na farko, lambar ba ta gano cutar daji. Abin da ke tabbatar da ita shi ne a yanki ɗan nama daga ciwon a duba a madubin likita, abin da a asibitocinmu ake kira ayyina. Sai bayan an tabbatar ne lambar ke da amfani, ita ma a matsayin ƙari kan girman ƙarin da ko ya kai kaluluwa. Mai gyambo da aka ce masa jininsa lafiya lau bai tsira ba tukuna.

Na biyu, jinin mutumin ƙauye a ƙasar nan ba cutar daji kaɗai ke motsa shi ba. Zazzaɓin cizon sauro, taifod, kala-azar da aka sani a Gadarif da Sinnar da Nil Azrak, har ma ruɓar da ke cikin gyambon kansa, kowanne yana ɗaga adadin fararen ƙwayoyi ko ya saukar da shi. Wasu magunguna ma haka, musamman dangin kotizon. Lambar da aka auna ranar da mutum ke kwance da zazzaɓi ba ita ce tasa ta gaskiya ba.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawan mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne ba su da wani sinadari da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu. Rashin nasa kariya ce daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro, kuma masu wannan gado adadin niutrofil ɗinsu kan yi ƙasa da na Turawa alhali lafiyarsu ƙalau. Kakanninmu daga can suka taso, wasu a kan hanyar Makka, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, da suka biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har aka kafa Mai Wurno a bakin kogi. Idan lambar sama ta yi ƙasa, sakamakon rabawar ma zai yi ƙasa. Ke nan ma'aunin 4 da aka samo a jinin Faransawa na iya nuna Bahaushe ba ya cikin haɗari alhali yana ciki.

Maganin wannan shi ne Sudan ta samar da nata ma'aunin, kuma wurin yin sa yana nan kusa da mu. Cibiyar cutar daji ta ƙasa da ke ƙarƙashin Jami'ar Jazira a Wad Madani ta fara karɓar marasa lafiya tun 1999. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, ita ta ɗauki nauyin ɗimbin waɗanda suka gudo, har zuwa Disamban wannan shekara da Madani ta faɗa hannun dakarun Da'am Sari. Daga nan masu jinya suka watse, wasu har Marawi can arewa neman gashin na'ura. Sojoji sun sake karɓe birnin a Janairu 2025. Yanzu da ake ƙoƙarin farfaɗo da asibitoci, ina kira ga cibiyar da ma'aikatun lafiya na Jazira da Sinnar da Nil Azrak da su riƙa adana takardar si-bi-si ta farko ta kowane mai cutar daji tare da bayanin yadda ya ƙare. Ba ya buƙatar sabuwar na'ura, littafi ne da ma'aikaci mai kula. Cikin 'yan shekaru za a san lambar da ta dace da mutanenmu.

Sauran aikin namu ne. Sababbin magungunan da ke tayar da garkuwar jiki, irin wanda Amurka ta amince da shi don dajin Merkel a 2017, tsadarsu ta fi ƙarfin mai yinin cirar auduga. Amma ƙaramin ƙari da aka kama da wuri, sau da yawa wuƙar likitan tiyata kaɗai ta ishe shi. Don haka ciwon fata da ya wuce wata ɗaya bai warke ba, ko ƙurji mai girma ba zafi, a kai shi asibiti, a kuma tambayi likita ko za a ɗauki ayyina. Limamanmu da sarakunan Hausawa su faɗi wannan a masallaci da wajen suna da biki. Ƙungiyoyin matasa su haɗa kuɗin mota, Diwanin Zakka kuma ya ɗauki kuɗin duba naman ga wanda ba shi da hali. A saya wa yaranmu zabiya malafa da riga mai dogon hannu tun suna ƙanana.

Wanda kuma aka riga aka tabbatar masa da cutar, kada ya bari wani ya karanta masa takardar jini ya ce kwanansa ya ƙare, ko ya ce ya warke. Ya kai wa likitansa, ya ci gaba da magani. Ajali na Allah ne, neman magani kuma an umarce mu da shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.