KARADUWA: JIHA MUKE NEMA KO KUJERA?

Duk lokacin da aka taso da gyaran tsarin mulki, sai manyanmu su kakkaɓe manyan riguna su ce a ba mu Jihar Karaduwa. Kukan ba na banza ba ne. Ƙananan hukumomi 11 gare mu, masararmu ke cika kasuwar Dandume, audugarmu ce ta kafa Funtua. Amma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a birni take, ta tarayya ta tafi Dutsin-Ma a 2011, ta sufuri tana Daura.

To amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Jama'a, ko yau aka dasa jami'a a tsakiyar Malumfashi, JAMB ba ta tambayar buhu nawa babanka ya noma. Maki take so, jami'a kuma kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Yaron da ke karyar masara a gonar wani ranar Litinin da hantsi don ya samu na cefane, ina zai samo su? Zariya na nan kusa da mu, ABU na can tun 1962. Nisa ne ya hana ɗan talakan Sabuwa shiga, ko firamaren da ta yaye shi bai iya karanta sunansa ba?

Kada a ce ba mu taɓa riƙe mulki ba. Ɗan Kafur ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023. Ciyamomi da kansiloli namu ne. Mu ma'aikata mun san yadda ake cusa ɗan wane aikin koyarwa da takardar alfarma, alhali namu 'ya'yan suna makarantun kuɗi.

A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Uban da ya cire ɗansa daga makarantar kwana tun ranar, wa ya je ya lallashe shi? Wallahi da ƙarfin da muke sawa a neman jiha muka sa a nan, da an ga canji.

Ina goyon bayan Karaduwa. Amma duk mai neman sa hannuna, ya fara faɗa mani malamai nawa ne a firamaren ƙauyensu, kuma yaushe rabonsa da leƙa ta.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.