Katin biki ba shara ba ne

Asabar ɗin da ta wuce na ɗauki ledar katunan da na tara tun zuwana Ibadan karatun digiri na biyu, na ɗaurin aure, na barka da sallah, har da na Kirsimeti da 'yan ajinmu suka ba ni, na nufi Sabo wajen yaran da nake yi wa lesin. Wani abokina ya ce, "Kai da ko babi na uku ba ka gama ba, wasan yara ne ya dame ka?" To malam, ga amsarka.

Tun daren Juma'a na yayyaga rabi na jiƙa. Da safe babu wuta, sai muka ari turmi muka kirɓa har ya koma kamar ƙullu. Muka zuba a baho da ruwa, muka ɗan sa sitaci don kada tawada ta watsu. Tsohon gidan sauro muka ɗaure a jikin katako, a tsoma, a ɗago a hankali, a kife kan zani, a danne da soso, a shanya. Katin da aka lulluɓe da leda mai sheƙi ba ya narkewa, ni ban ankara ba sai da ya ɓata mana kwaɓin farko.

Muna cikin yaga ragowar wata yarinya ta riƙe hannuna: "Malam, wannan akwai Bismillah fa." Wallahi na ji kunya. Da almakashi muka bi kowane kati muka cire wajen sunan Allah muka adana daban. Na jiya ma sai addu'a, don ban duba ba.

Gaskiya takardar ba ta yi kyan ta kanti ba. Tana da kauri, ga kaushi, kuma da damshin garin nan sai da ta kwana 2 kafin ta bushe. Ba za ta maye gurbin littafin rubutu ba, ban ce haka ba. Amma yaran nan haddar kimiyya suke yi a aji, ranar kuwa da idonsu suka ga takarda zare-zare ce da ke kama juna in ruwa ya tsane. Da na ce musu a Sin aka fara ta, da tsumma da ɓawon itace da tsohuwar komar kifi, ɗaya cewa ya yi ƙarya nake.

Mu ɗalibai wa ya kai mu tara takarda? Kowane gyaran da malami ya yi da jan biro, sabon bugu ne. Ƙarshen zango a cinna mata wuta bayan hostel, alhali yawancinta daga waje ake shigo da ita, tunda masana'antun Jebba da Iwopin da Oku Iboku ba su riƙe ƙasar ba.

Asabar mai zuwa ƙarfe 10 za mu sake. Mai tsofaffin takardu ya kawo, amma don Allah a cire ƙarafunan maƙalawa, ɗaya ya soki yaro a yatsa.