Ja da Baya ga Rago Ba Tsoro Ba Ne

Yau zan ɗauke ku zuwa tsaunukan Alps, tsakanin Faransa da Suwizalan, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da wanda ake kira gwarzo a can.

Akwai wata hanya da ake kira Haute Route, wato "hanyar sama" da Faransanci. Tana tashi daga kwarin Chamonix a Faransa, a gindin Mont Blanc, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Alps, ta ƙare a garin Zermatt na Suwizalan, a gindin Matterhorn mai tsawon mita 4,478. Turawan Ingila masu hawan dutse ne suka fara ratsa ta da ƙafa a lokacin zafi a 1861, sannan a 1911 aka kammala ta a kan allunan zamiya. A yau, daga watan Maris zuwa farkon Mayu, mutane daga ƙasashe daban-daban suna zuwa su bi ta, tafiyar kusan mako guda.

Kada ku ɗauka irin wasan zamiyar da kuke gani a talabijin ne, inda keken igiya ke ɗaga mutum zuwa sama ya sulalo a kan filin da inji ya daidaita. A nan da ƙafarka za ka hau. Dogayen alluna biyu ne sirara, ana manna musu wani ƙyalle mai gashi a ƙasa. Gashin ya kwanta ta fuska ɗaya, don haka allon yana iya yin gaba amma ba ya zamewa baya. Lokacin hawa diddigen takalmi a sake yake. In an kai sama sai a ɓare ƙyallen, a kulle diddige, a gangara. Da dare ana kwana a masaukan da aka gina can a kan duwatsu, da asuba kuma a tashi, saboda in rana ta yi sama dusar ƙanƙarar takan yi laushi ta fara zubowa. Ƙarƙashin ƙafa akwai daskararrun kogunan ƙanƙara masu tsagogi masu zurfi, waɗanda dusa ke rufe bakinsu har ba a ganin su.

Ra'ayina shi ne, a irin wannan hanya babban gwani shi ne wanda ya san lokacin da zai juya. Kuma al'adar yabon wanda ya isa Zermatt kaɗai, a manta da wanda ya janye a tsakiya, tana da hannu a rayukan da ake rasawa.

Ga hujjata. Ranar 29 ga Afrilu 2018, mutum 14 suka tashi daga masaukin Dix za su tsallaka ta Pigne d'Arolla zuwa masaukin Vignettes. Guguwa ta rutsa da su, gari ya yi fari fat, ba a bambance sama da ƙasa. Suka kwana a waje, alhali tsakaninsu da masaukin bai wuce 'yan ɗaruruwan mitoci ba. Mutum 7 suka rasu, har da jagoran ayarin, wanda ƙwararre ne a sana'ar. Shekara shida bayan haka, ranar 9 ga Maris 2024, mutum 6 suka bar Zermatt za su Arolla, biyar daga cikinsu 'yan gida ɗaya. Guguwa ta kama su kusa da Tête Blanche. Sun samu damar kiran masu ceto ta waya, amma iska ta hana jirgi mai saukar ungulu tashi, waɗanda suka bi ta ƙasa kuma dole suka juyo. Babu ko ɗaya daga cikin shidan da ya tsira.

Ba na kawo waɗannan don in ɗora wa mamata laifi. Wanda ke zaune a ɗaki bayan abu ya faru shi ya fi kowa iya lissafi, kuma yanayin kan dutse yakan juya cikin ƙanƙanin lokaci. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, duka ayarin biyu ba 'yan koyo ba ne. Suna da ƙarfi. Da guguwa ta rufe su, duk wannan bai wadatar ba. Damar da ta fi kowace girma tana can baya, a ƙofar masauki da safe, ko a wata mararraba kafin a yi nisa.

Haka abin yake game da zaftarewar dusar ƙanƙara, wadda ita ce babbar barazana ga masu wannan tafiya. Ƙasashen Turai suna da ma'aunin haɗari mai mataki 5, kuma a Suwizalan wata cibiyar bincike da ke Davos tana fitar da sanarwa kullum a lokacin sanyi. Abin mamaki, yawancin mace-mace ba a mataki na 5 suke faruwa ba, domin a ranar kowa yana gida. A mataki na 3 aka fi mutuwa, ranar da abin yake tsaka-tsaki, zuciya tana cewa wataƙila a wuce lafiya. An kuma san cewa yawancin waɗanda dusa ta binne, su da kansu ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da ita, galibi a gangaren da ya kai digiri 30 ko fiye. Kowa yana ɗauke da na'urar gano wanda aka binne, da shebur, da doguwar sandar lalube. Amma in an wuce kimanin minti 15 ba a tono mutum ba, damar samun sa da rai tana raguwa sosai. Kayan ceto suna da amfani, sai dai aikinsu yana farawa ne bayan an riga an yi kuskure.

To me ke hana mutum mai hankali juyawa? Ku saka kanku a matsayinsa. Ya tara kuɗi ya biya jagora. Ya kama wurin kwana a masaukai tun watanni kafin tafiyar, kuma in ya ɓata kwana ɗaya duk jerin ya rushe. Hutun da ya karɓa a wurin aiki ƙidayayye ne. Ya riga ya sanar da duniya a Facebook da Instagram cewa ya kama hanya. Ga abokan tafiya, babu mai son a ce shi ne ragon da ya ɓata wa kowa shiri, sai kowa ya yi shiru yana zaton sauran sun natsu. Jagoran ma ɗan Adam ne, ya san baƙon da bai kai Zermatt ba da wuya ya sake neman sa baɗi. Duk waɗannan suna tura mutum gaba, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya shafi halin da dutsen yake ciki a ranar.

Wasu za su ce a hana tafiyar baki ɗaya, ko a wajabta ɗaukar jagora. Na fahimci dalilinsu, musamman in aka tuna masu ceto suna da iyali, kuma su ma ransu suke sakawa a haɗari. Amma dutse ba shi da ƙofa da za a kulle, hanyar kuma ta ratsa iyakokin ƙasashe. Batun jagora kuwa, abin da ya faru a 2018 ya nuna cewa yana rage haɗari amma ba ya kawar da shi. Sannan dubban mutane suna bin irin waɗannan hanyoyi su koma gida lafiya, kuma ban ga adalci a hana su abin da suke ƙauna ba.

Misalin da ya fi gamsar da ni yana nan a kan waɗannan duwatsu. Rundunar sojan Suwizalan tana shirya wata gasa mai suna Patrouille des Glaciers, daga Zermatt zuwa Verbier, wadda aka fara a 1943. A 1949 wasu sojoji uku suka faɗa cikin tsagar ƙanƙara suka mutu, aka dakatar da gasar har zuwa 1984. Tun da aka dawo da ita, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, masu shiryawa sun soke tashi ko sun tsayar da gasar a tsakiya saboda yanayi, duk da kuɗin da aka kashe da watannin da 'yan wasa suka yi suna atisaye. Mutane sukan yi gunaguni, amma ƙimar gasar ba ta ragu ba. In soja, wanda aikinsa ne jarumtaka, zai iya cewa yau ba za a tafi ba, ban ga abin kunya ga ɗan yawon buɗe ido ba.

Don haka abin da nake ganin ya dace ba mai wahala ba ne. Kafin a bar masauki a yanke lokacin da in ba a kai wuri kaza ba za a juyo, kuma a mutunta shi. A saka kwana ɗaya ko biyu na rara a cikin shiri. A biya jagora cikakken haƙƙinsa ko an kai ko ba a kai ba, domin kada aljihunsa ya yi gardama da idonsa. A amince tun farko cewa muryar mutum ɗaya, ko da shi ne mafi rauni a ayari, ta isa ta tsayar da tafiya.

Saura kuma masu ba da labari. Labarin wanda ya isa yana cika mujallu, na wanda ya mutu yana cika jaridu. Wanda ya leƙa ta tagar masaukin Dix ya ga gajimare, ya kwance takalmansa ya koma ya zauna, babu mai tambayar sunansa. Muddin ba a fara ba da labarinsa da girmamawa ba, matasa masu tasowa za su ci gaba da zaton juyawa faɗuwa ce. Matterhorn yana nan baɗi, yana nan baɗin baɗaɗa, kuma wanda ya juyo bana yana da damar komawa ya same shi.

Ina sauraron ra'ayinku, musamman waɗanda ke ganin hani ya fi.