Raƙumin dawa ya fito a hoto, mai gonar fa?

Duk ɗan Dogon Dutsi ko Tibiri da ya taɓa shiga mota zuwa Yamai ya san Kure. In an yi sa'a raƙuman dawa na kusa da titi, direba ya rage gudu, kowa ya zaro salula. Ni ma na ɗauka, ba sau ɗaya ba.

Amma don Allah ku sake duba hotunan da ake yaɗawa a mujallun Turai da Facebook. Dogon wuya, faɗuwar rana, daji fetal kamar ba a taɓa haihuwar mutum a wurin ba. Ƙarya ce ake yi da kyamara. Raƙuman nan ba a gandun da aka kewaye suke ba, cikin gonakin mutane suke kiwo. Da rani su gangara Dallol Bosso su ci gawo, su ci mangwaron lambu, da kaka su shiga wake. Mai hoto ya ɗan karkata hannu, ya yanke rumbu, ya yanke mai gonar.

Ban musa amfanin hoto ba. A 1996 waɗanda suka rage ba su wuce 50 ba, kuma su kaɗai ne irinsu a duniya. Hotuna sun taimaka aka waiwayo, kuɗi ya shigo, har adadinsu ya haura 600, aka ɗebi 8 zuwa Gadabeji a 2018. To amma wa ya haƙura da waken da aka cinye har suka yi yawan nan? Talakan da bai ɗaga bindiga ba, shi ne ba a gani.

Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure: Faransawa 6, direbansu, da shugaban masu yi wa baƙi jagora. Baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin 'yan jagora ya yanke. Raƙuman kuwa ba su fasa shiga gona ba.

Ku masu kyamara, har da 'yan uwanmu matasa da ke koyon sana'ar: ku nemi izinin mai gona kafin ku taka shukarsa, ku bar korar dabba da babur don ta yi maku gudu. In hoton ya sayu, a rubuta sunan ƙauyen a ƙasansa, kuma wani kaso ya koma can.