Kalmar Mako: Madubi Mai Doro

Jama'a, kalmarmu ta yau ta Faransanci ce, "convexe". Ma'anarta abu mai doro, kamar bayan ƙwarya.

Madubin gefen mota da na babur galibi haka suke. Doron nan yana kwaso hanya da faɗi, amma yana ƙanƙantar da abin da ke bayanka. Saboda haka tirelar audugar Sodecoton da ka hango can nesa a hanyar Garwa zuwa Ngaundere ta fi yadda kake zato kusa. Kafin ka fita hannunka don wuce wata mota, waiwaya tukuna.

Mai kanti kuwa, rataya irinsa a kusurwa, kana zaune kana ganin kowane lungu.

Allah ya kiyaye hanya.