A YI WA TALAKA MASAUKI A GASHAKA-GUMTI

A kan iyakarmu da Kamaru, cikin jihohin Taraba da Adamawa, akwai gandun daji na Gashaka-Gumti, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1991 da ta haɗe gandun Gashaka da na Gumti. Faɗinsa ya ɗara murabba'in kilomita 6,000, watau duk Nijeriya babu gandun ƙasa da ya kai shi girma. A nan ne Cappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasarmu, mita 2,419. Akwai ɓauna da dorina da gwanki, da birin nan mai kama da mutum da ake kira cimfanzi. Kusa da ƙauyen Gashaka kuma ga kangon ginin soja na Jamusawa, waɗanda suka mallaki wajen kafin Yaƙin Duniya na Farko, tun ƙasar ba ta shigo Nijeriya ba da ƙuri'ar 1961.

To, cikin malaman makaranta da akawunan da ke karanta jaridan nan, mutum nawa suka taɓa sa ƙafa a wurin? Malami ya shekara yana nuna wa yara dutsen a taswira, shi kuwa bai taɓa ganinsa ba. Nisa na daga cikin dalilai, gaskiya ne. Amma wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, abin da zai fara tambaya shi ne inda zai kwana, da nawa zai biya.

Mu a ganinmu, manyan otal-otal ba su ne maganin wannan ba. Da ma can a zamanin En'e akwai bariki a kan hanyoyin rangadi, ɗaki ne da rufi da randar ruwa, ya kuwa wadatar. A Tanzaniya, gandun dutsen Kilimanjaro, wanda aka kafa a 1973, yana da bukkokin kwana a Mandara da Horombo da Kibo a kan hanyar Marangu. Masu bin sauran hanyoyi kuwa a tanti suke kwana, kuma ba a barin kowa ya hau sai da jagora. Da haka dubban mutanen gindin dutsen ke cin abinci da aikin jagoranci da dako da girki.

Saboda haka muna roƙon Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, da ƙungiyar Africa Nature Investors wadda ta ƙulla yarjejeniyar kula da gandun da ita a 2017, su dubi abu huɗu. Na farko, a yawaita zangon kafa tanti tun daga Serti, inda babban ofishin gandun yake, har hanyar dutse, kowane zango da ruwan sha da masai da murhu. Na biyu, a ajiye tantuna da barguna na haya, don ba kowa ke iya saye ba. Na uku, a buga farashin shiga da na kwana da na jagora a manna, a kuma rangwanta wa makarantu. Na huɗu, a ba 'yan ƙauyukan kewaye aikin jagora da dako, a riƙa sayen abinci a hannunsu.

Wani zai ce yawan baƙi ɓarna ne ga daji. Lalle akwai ƙamshin gaskiya a nan, don sakaci da guntun wuta da rani ya isa ya cinye tsauni guda. Amma ai zango sananne mai gadi ya fi sauƙin tsaro bisa ga kowa ya kwana inda ya ga dama. Ɓarnar da gandun ya sha kuwa daga masu farautar sata ta zo, da masu saran madobiya don kai wa ƙasashen waje. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun nan shi ke ciyar da kogin Taraba, ya zuba a Binuwai. In daji ya ƙare, manomi da masunci su za su fara ji a jikinsu. Mutum kuwa ba ya tsaron abin da bai san darajarsa ba.

Ku kuma malamai, kada ku jira sai an gama kome. Ku haɗa kuɗi ƙungiya-ƙungiya, ku nemi izni da labarin lafiyar hanya daga ofishin Serti, ku tafi da rani, tsakanin Disamba da Maris, kafin koguna su cika. Ku riƙe gidan sauro da bargo, gama sanyin kan dutse ba na wasa ba ne, kada kuma ku rabu da ma'aikacin gandun. Gani ya kori ji. Allah ya sa hukuma ta ji kiran nan, amin.