Ina Takardun Ƙungiyarmu Suka Shiga?

'Yan uwana 'yan Katagum mazauna Legas, daga Agege har Idi-Araba. Yau raina a ɓace yake.

Makon jiya na nemi lissafin kuɗin da muka tara don gyaran wata Islamiyya a Azare. Sakatare ya ce yana cikin wayarsa, wayar kuwa an sace ta a tashar mota. Shi ke nan! Rasit da sunayen masu bayarwa duk sun bi ɓarawo.

Haba jama'a! Mun manta da Yahoo Groups ne? An rufe shi a Disamba 2020, wanda bai kwashe takardunsa ba ya tafka asara. Mu kuma mun mai da WhatsApp akwatin ajiya, inda hoton rasit ke nutsewa ƙarƙashin saƙonnin barka da Juma'a.

Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta. A buɗe wa ƙungiya nata, mutum uku su riƙe kalmar sirri: biyu a Legas, ɗaya a Azare. Duk mai cewa wahala ce, ni dai ina zargin lissafin ne ba ya so a gani. Zan ta da maganar a taronmu na Lahadi.